Aji Ɗaya da Kawun Matata

Da na shiga digiri na biyu a fannin kasuwanci ta intanet, abin da ya fi yi mini daɗi shi ne babu mai ganina. Ina shagona a Jega, kwamfuta bisa buhun shinkafa, in yi karatuna in rufe. Sai ranar da makaranta ta raba mu rukuni-rukuni don aikin ƙarshen zango, ta haɗa 'yan yanki ɗaya wuri guda. Na duba na ga mu uku ne: ni, da wata Madam Kirista mai aikin akanta a Maiyama, da kawun matata na Aliero. Kawun da ya ba ni aurenta fa, mutumin da ko gyaɗa ban taɓa tauna a gabansa ba.

Zamanmu na farko ta bidiyo, na sauka daga kujera na durƙusa ina gaishe shi. Madam ta tambaya ko lafiya, don ita saman hulata kawai take gani.

Kawu babban dillalin albasa ne, kuma duk kasuwar Aliero ya shaida musu yana karatu. Ya riga ya faɗi wannan darasin sau ɗaya, kuma dokar makaranta ita ce wanda ya sake faɗuwa an sallame shi. Aikinmu tsari ne na adana albasa har ta yi daraja, Kawu aka ba sashen bayanin kasuwa. Ya turo nasa da wuri, Turanci sumul. Madam ta saka shi a manhajar makaranta mai gano kwafe, shafi ya yi ja wur. Takardar wasu manoman tuffa na ƙasar waje ya ɗauko daga laburaren intanet, ya bi ya mayar da tuffa albasa. Dusar ƙanƙara ma ya bar ta tana zuba a Aliero.

Madam ta ce ni ne ɗan gida, ni zan faɗa masa. Ni? Na bi hanyar da na sani: na gaya wa matata, ta gaya wa mahaifiyarta, ita kuma ta kai wa ƙanenta. Kafin saƙo ya isa ya koma wai yaron ya ce aiki ya yi kyau, a dai ƙara ƙoƙari. Kawu ya bugo waya yana ta sa mini albarka. Wallahi kamar in fasa ihu don haushi.

Madam ta ce to za ta cire sunansa, ba za ta ci sifili saboda kunyar wasu ba. Gaskiyarta, amma cire sunan nan korarsa ke nan. Na hau mashin sai Aliero.

Na same shi a rumfar da yake ajiye albasa. Muka gaisa, muka sake gaisawa, na tambayi gida har da awaki. Da gaisuwa ta ƙare mini, na dubi ƙasa na ce, "Kawu, aikin nan kwafe ne. In muka miƙa shi, korar ku za a yi."



"Na sani," in ji shi. "Laburaren ga ban iya bincike cikinai ba. Takarda guda ta taɓa buɗe min, ita na ɗauka. Wa zan tambaya? Mijin ɗiyata?"

Tausayinsa ya kama ni, haushin ya tafi. Ashe duk zangon nan shi ma kunyata yake ji.

Muka zauna kan tabarma ɗaya, kowa idonsa a kan kwamfuta, abin ya zo mana da sauƙi tunda ba sai mun dubi juna ba. Na nuna masa inda ake rubuta abin da ake nema, da yadda ake ambaton mai takarda. Da ya ga rubuce-rubuce kan albasa sun zubo, sai ya hau faɗa da marubutan, wai wannan bai taɓa shiga kasuwa ba. Ya sake rubuta sashensa da Turancinsa mai ɗingishi, Madam ta gyara tana mita.

Mun ci, da kyar. Ranar da sakamako ya fito ya kira ni, bai ko tsaya gaisuwa ba. Ya ce in gaya wa ɗiyarsa ba a kore shi ba. Ya yi maza ya kashe wayar.