Matan Deule suna jiran Dokta Ramatu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iske ni ina shirin fita: malamata, Dokta Ramatu, ta rasu. Har yanzu mayafina yana hannuna, na kasa yafawa, na kasa ajiyewa.

Ga wanda bai san ta ba, malamar jami'a ce mai bincike kan lafiyar ƙananan yara, kuma ita ke duba aikin digirina. Ƴar Madawa ce. An sha yi mata tayin aiki a ƙasashen waje, sai ta yi dariya ta ce yaran da take nazari ba can suke ba.

Ranar da na fara bin ta yin anket, wato binciken gida-gida, a ƙauyen Deule, cikin yankin Buza, takalmi mai tsini na sa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Madam, biki za ki?" Ta ciro silifas daga jakarta ta miƙo mini. Suna nan wurina, ban taɓa mayar mata ba.

Aikinmu auna yara ne da damina, nauyi da kaurin damtse da ɗan ɗigon jini a yatsa, don a gane abin da ke ramar da su a wannan lokacin. Matan garin suka ƙi fito da ko yaro ɗaya. Inna Tabawa, tsohuwar ungozomar garin, ita ta faɗa mana dalili:

"Waɗanda sunka zo gabanku sun auna ɗiyanmu, sun ɗebi jini, sunka tahi. Har yau ba mu san mi anka gani ba. Ke ma haka za ki yi."

Dokta ta zauna kan tabarmarta ta ce, "Inna, na yi miki alkawari. Duk abin da munka gano, ku za ku fara ji, daga bakina, da Hausa, kahin wani farfesa ya ji."

Washegari mata suka yi layi da goyonsu.

Alkawarin nan ya ba ni wahala, ba zan ɓoye ba. Rezilta, wato sakamakon jinin, ya fito daga labo inda aka gwada shi, rubutuna ya kammala, abokan karatuna duk sun tsaya gaban farfesoshi sun karɓi digirinsu, ni kuwa ta ce sai matan Deule sun ji tukuna. Ita kanta an gayyace ta babban taro don ta gabatar da sakamakon, ta ƙi zuwa. Da na yi ƙorafi sai ta ce, "Jinin ɗiyansu ne, Zainabu. Ki bari a kai girbi gida, su samu sukunin zama."

Sai ciwo ya kwantar da ita.

Ganinmu na ƙarshe a asibiti ne, makon jiya. Ta rame ƙwarai, amma sai ta kama damtsena ta matsa yadda take yi wa yara, ta ce, "Ke ma ba ki cin abinci." Muka yi dariya. Da zan tafi ta ce ta aika wa Inna Tabawa, an tsayar da Alhamis mai zuwa don kai wa matan bayani, in nemo mana mota. Na fito ina murna, na ɗauka sauƙi ne ya samu.

Ɗazu wayata ta yi ƙara. Inna Tabawa ce, ta ari wayar maƙwabta. Labari bai kai mata ba. Tana ta zuba: an share ƙarƙashin gawo, an ware geron fura, har matan da suka koma wasu garuruwa an aika musu. Sai ta tambayi Dokta: "Lokotoro na nan tahe ko?"

Na buɗe baki, kuka ya riga ni. Da ƙyar na faɗa mata.

Ta yi salati. Can ta ce, "To ɗiyata, in sallami matan?"

Na ce, "A'a Inna, ku taru. Ina nan tahe."

Ban san yadda zan tsaya inda ya kamata ta tsaya ba. Ban iya bayani kamarta ba, kuma wallahi tsoro nake ji. Amma ranar Alhamis zan sa silifas ɗin nan in tafi.

Allah ya jiƙan Dokta Ramatu, ya gafarta mata, ya saka mata da Aljanna kan hidimar da ta yi wa yaran mutane, ya ba iyalanta haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta cikin addu'a. Ni ma ku roƙa mini Allah ya riƙe mini murya ranar Alhamis.