Muryar Salamatu ta kira ni bayan an rufe ta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labari ya iske ni ina wanke gero. Salamatu ta rasu jiya, hatsarin mota tsakanin Malbaza da Konni. An yi mata sutura da hantsi.

Masu tambayar gida, Malam lahiya lau. Auta na lakwal wurin karatu. Ƙafar Iya ce dai har yanzu. Ni kuwa ku yi haƙuri da rubutuna.

Wanda bai san ta ba, Salamatu ɗiyar maƙwabtanmu ce nan Konni. Ita ta koya mini baƙi da furfurata, a zauren gidansu. Ba ta taɓa yi mini dariya ba, sai ranar da na riƙe allo a kife, ranar ma tare muka yi.

Lissafi ta karanta a Yamai. Da ta dawo na ce yanzu sai aikin buro, zaman ofis da fanka. Ta ce a'a, mata za ta ƙirga.

Aikinta kan sankarar bakin mahaifa ne. Wata rana ta buɗe mini na'urarta, ɗige-ɗige farare cike da gilashin. Ta ce kowane ɗigo mace ce. Ta danna, shekaru suka yi ta gudu, ɗigon nan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya kamar ana hure fitila. Ta mai da su baya, ta ce bari a ce an yi musu gwaji da wuri. Ta sake dannawa. Da yawa suka tsaya da haskensu.

Na tambaye ta wanne ne ɗiyata a ciki.

"Inna, lissafi bai san suna ba. Shi ya sa nike yawo gari gari."

Ɗiyar da nake nufi ɗiyar farina ce, mai aure a Illela. Kun san ba na faɗin sunanta, ba mu haɗa ido balle in yi mata zancen mahaifa. Salamatu ce ta ja ta har wurin ungozoma. Aka duba, aka ga wani abu ƙarami, aka ce ta koma a ƙone shi tun bai girma ba. Masu na'urar ƙonawar suna barin Illela ranar Alhamis.

Ganina na ƙarshe da Salamatu a kasuwa ne, tana cin tsire a tsaye, tana sauri. Ta ce kar in damu, ita za ta raka ɗiyata da kanta.

Ɗazu bayan azahar, na dawo daga gaisuwa ke nan, salula ta yi ƙara. Na ɗauka.

"Salamu alaikum, Salamatu ce. Kar a manta da komawa likita. Ina jiranku."

Wallahi na amsa sallamar. Har zakaran gidansu na ji yana cara a bayanta, da 'yar dariyar nan tata a ƙarshe. Na zauna bisa turmi.

Ƙanen Salamatu ya ce mini ɗaukar murya ce. Ta san yawancinmu ba mu karatu, sai ta naɗi muryarta, na'ura na kiran kowa idan ranarta ta matso. Lambata ce ɗiyata ta bayar a matsayin lamba ta biyu, shi ya sa aka kira ni. Ya ce ba wanda ya san yadda ake tsayar da na'urar, za ta yi ta kiran mata har wata shekara.

An kira ɗiyata ita ma. Ƙanwar ɗiyar tawa ta ce ta jefar da salular cikin randa, tana kuka, ta rantse ba ta zuwa inda mamaciya ta ce tana jira.

Na ɗauki waya sau da yawa in yi mata magana. Kowane karo sai in ajiye ta.

Allah ya jiƙan Salamatu, ya haskaka kabarinta, ya sa wannan yawo da ta yi ya zame mata hujja. Ku sa ta a addu'a.

Matan Illela da kuka gane ɗiyar da nake nufi, don girman Allah ɗayarku ta shiga gidanta, ta kama hannunta ta kai ta. Wadda ta ɗauki nauyin ta rubuto mini nan ƙasa kafin Laraba da la'asar. In ban ji kowa ba, zan hau mota in je in kira ta da sunanta.