Yatsu Huɗun Da Na Ƙara Wa Akwatin Babur

Jama'a masu karatu, ni mai walda ne a Sabon Garin Maraɗi. A lokacin da abin nan ya faru na shekara ashirin ina ƙera ƙofofi da amalanke, kuma gaskiya kaina ya kumbura. Ban cika ɗaukar ma'auni ba, ido da taƙi sun ishe ni. Ina da wata ɗabi'a da na gada wurin mahaifiyata mai awon gero: ba ta taɓa shafe bakin tiya ba, sai ta tula. Ni ma wanda ya ce in yi masa amalanke, sai na ƙara masa faɗi kaɗan, ya tafi yana sa mini albarka.

Sai aka kafa wata ƙungiya ta masu haɗa babura masu ƙafa uku na ɗaukar kayan lambu, aka raba aikin tsakanin ƙananan garajoji. Wani mai walda a Tibiri shi ke yin shasi, wato ƙarfen da komai ke zama a kai, wani na yin rumfa, ni aka ba ni akwatin baya. Murna kamar in taka rawa, don wanda ya shiga ya huta da zaman jiran mai ƙofa. Injiniyar da ke duba aikin mace ce, sa'ar ɗiyata ta fari. Ta kawo zane da wani ƙarfen gwaji na tabbatar da faɗin aiki, ta ce akwati shida na farko gwaji ne, wanda ya kauce wa zane za a cire sunansa, kuma in na ga abin canzawa in kira ta tukun. Na ce to, to. A raina kuwa cewa nake, yarinyar da aka haifa ina riƙe da ƙarfe ce za ta koya mini?

Da na duba zanen sai na ga akwatin ya yi mini tsuku. Na tuna manoman Jiratawa da buhunansu na tattasai da albasa, na ce haba, bayin Allah a yi musu wannan rowa? Na jingine ƙarfen gwajin a bango, na ƙara yatsu huɗu a faɗi, duka shidan. Na shafa fenti kore, har maƙwabta na tsayawa kallo.

Ranar haɗawa muka taru a Tibiri da hantsi. Mutum huɗu suka ɗaga akwatin farko suka ɗora a kan shasi, ramukan noti suka ƙi haɗuwa. Aka juya, aka sake juyawa, shiru. Ni kuwa da bakina na ce ai shasin ne ya karkace! Mutumin Tibiri, dattijo mai barkwanci, ya ɗauko ƙarfen gwaji ya ɗora a nasa, ya zauna daram. Ya ɗora a nawa, ga yatsu huɗuna sun leƙo. Ya tambaye ni ko wannan na sadaka ne, wuri ya ɗauki dariya. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na kuma tabbata an gama da ni.

Injiniyar ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni dalili, na gaya mata gaskiya. Sai ta ce in hau mota mu je Jiratawa. Ta kai ni wata siririyar hanya mai kwana tsakanin magudanar ruwa biyu na siminti, inda babur zai bi ya shiga lambuna, ta miƙa mini ma'auni ta ce in auna da kaina. Na auna, na sake aunawa. Akwatina ba zai wuce kan kwanar ba sai ya daki bakin siminti.

“Baba,” ta ce, “mun yi wata biyu muna auna hanyoyin nan kafin mu yi zanen. Alherin naka da ya kifar da mutum da kayansa cikin ruwa.”

Na naɗe ma'aunin na miƙa mata. Na roƙi kwana biyar, ta ba ni. Na yanke akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya, na mayar da su daidai, ina yi ina tsaki ina yi wa kaina dariya. Alhamdu lillahi ba a cire ni ba, yau shekara uku ke nan. Sai dai har gobe mutumin Tibiri in ya kira ni a waya, kafin gaisuwa sai ya tambaya ko yau an ƙara.

'Yan uwana masu garaji, in za ku shiga irin wannan haɗin gwiwa, ku sani aikinku guntu ne na aikin wasu. Ku bi zane, ku yi amfani da ƙarfen gwaji, in kun ga gyara ku faɗa kafin ku yanka. Ni na yi nadama, don na ɗauka na fi kowa tausayin manomi, alhali ko sau ɗaya ban taɓa taka hanyar lambunsa ba.