Ranar Ganin Gona

A da, a nan ƙasar Gobir, alƙali ba ya yanke hukuncin iyakar gona yana zaune, sai an fita an gani. Magatakardan kotu ke shirya fitar. Shi zai zaɓi rana, ya kauce wa kasuwa da ranar shuka, ya aika wa mai gari da shaidu, ya nemo mota. Na zauna Maraɗi, na zauna Kumasi, na leƙa kotunan Sudan, na ga yadda suke dogara da taswira da hatimi. Mu taswirarmu gamba ce, ciyawar da kakanni suka dasa tsakanin gona da gona, sai tsofaffin da suka ga dashenta. Yau magatakarda na nan, alƙali na nan, amma ba mai iya taka dajin.

Ƙanwata tana da gona wajen Turba, gadon mijinta, da ita take ciyar da marayunta. Maƙwabcinta ya nome gambar, ya shigo mata da kunyoyinsa. Na raka ta kotu a Isa. Alƙali ya saurare su, ya ce a je a gani. Mai ba ta shaida ɗaya ya rage a duniya, wani tsoho da aka dasa gambar a gabansa.

Magatakardan ɗan abokina ne, mutum mai ƙoƙari. Ya sa rana, 'yan bindiga suka tare hanya. Ya sake sa wata, direba ya ƙi. Na same shi a ofis, fanka a tsaye, gumi na zuba masa.

"Baba, mi za ni yi?" in ji shi. "In tura alƙali daji a ɗauke muna shi?"

"To ɗana, a kawo tsohon nan ya yi bayani."

"Ai ya yi. Ya ce daga aduwa zuwa suri. Wace aduwa, Baba? Kai da ka zaga duniya, ina ka ga an auna gona da baki?"

Ban kuwa taɓa gani ba.

Da damina aka tashi ƙauyen tsohon, ya gudo Isa, ya rasu a zauren wani ɗan'uwansa. Maƙwabcin kuwa ya daidaita da mutanen daji, yana nomansa. Wasu suka ba ƙanwata shawara ta kai kuka wurin shugaban 'yan bindigar, wai shi nan take yake raba gardama. Ta ce gara ta rasa gonar.

Yanzu tana gidana da 'ya'yanta, tana surfen aikatau. Har gobe magatakardan na kiran ƙararta a sake ɗage ta, ita kuwa ta daina zuwa. Gonar ta tafi, kuma shari'ar gona a yankinmu ta bar hannun kotu.