Rijiya ta Goma Sha Biyu

Mun bar Gumel ana idar da sallar asuba, mu uku: ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje na sashen Fiziks, da direba, da wata ɗalibarmu 'yar ajin ƙarshe. Bincikenta na kammala digiri a kan tsofaffin rijiyoyi ne, waɗanda suka haura shekara ɗari, tana auna zurfin ruwansu da gishirin da ke ciki. Ta gama goma sha ɗaya a Maigatari da Gagarawa Tasha. Saura ɗaya, a wani ƙauye gaba da Ɗanzomo, kuma washegari za a rufe karɓar aiki. Tana cikin mutum uku da sashe ke dubawa don kyautar fitaccen ɗalibi, aikin da bai cika ba kuwa ba ya isa gaban kwamiti.

A Ɗanzomo muka sayi ƙosai, direba yana ta mitar cewa a bana ƙosai ya rame fiye da mai soya shi. Daga nan kwalta ta ƙare, sai yashi da gonakin gero.

Kuskuren nawa ne. Ruwan rijiya ana auna shi ne kafin a jefa gugan farko, don da zarar an fara ja sai ya sauka. Saboda haka na ce mu wuce ƙofar mai unguwa, mu gaisa bayan awo.

Ɗalibar ta zura na'urarta, doguwar waya mai ƙarfe a baki, wadda ke ƙara idan ta taɓa ruwa. Daidai lokacin da ta yi ƙara wata mata ta iso da tulu. Ta dube mu, ta dubi wayar, ta ajiye tulun ta juya da gudu.

Ba a yi minti biyar ba aka kewaye mu. Na ƙirga maza goma sha tara, na daina ƙirga. Wasu da sanduna, wasu da fartanya. An tare gaban mota da amalanken shanu.

"Me kuka zuba mana?" in ji wani.

Na miƙa takardar jami'a. Da Turanci take, babu wanda ya karɓa. Wani ya riƙo wuyan rigar direba.

Sai wani dattijo ya ratso, aka ba shi hanya. Daga baya muka ji kakansa ne ya haƙa rijiyar. Ɗalibar ta durƙusa.

"Baba, a jawo mini guga."

Aka jawo. Ta tsoma ƙarfen na'urar a ciki, ta kafa kai ta sha. Hannunta yana rawa, ruwa yana zuba a hijabinta, ba ta tsaya ba. Kowa yana jiran ya ga ko za ta faɗi.

"Ya isa, 'yar nan," in ji dattijon. "Ba a ce ki ƙafar mana da rijiya ba."

Wani ya yi dariya, aka saki direba.

Dattijon ya tambayi abin da na'urar ta ce. Ta ce mita talatin da takwas. Ya ce shi igiyarsa gaba ashirin da biyu ce, amma a zamanin kakansa goma sha tara ta isa. Ta auna gabarsa da tef, ta yi lissafi, ya zo daidai da nata. Abin da take nema ke nan tun farkon bincike: shaidar yadda ruwan ya sauka.

A zauren mai unguwa aka dama mana fura, ni kuma na sha faɗa daga bakinsa.

"Malam, da furfurarka ka taɓa wa mutane ruwan sha babu sallama?"



Mun iso gida bayan la'asar, ta miƙa aikinta da safe. Kwamiti bai zauna ba tukuna. A babin hanyoyin awo ta ƙara mataki ɗaya a gaban duk waɗanda na koya mata: a fara gaida mai unguwa. Na duba littafin da take rubuta awo a bakin rijiya. Lambobi goma sha ɗaya a miƙe suke tsaf, ta goma sha biyu da ƙyar ake karanta ta.