Inna Aisa, Wadda Ta Ƙi Sa Mu a Turu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Yuni na shekarar 1953, muna cikin goman ƙarshe na azumi, Allah Ya karɓi ran Inna Aisa ta unguwar Dogo Nini a nan Potiskum, bayan ta yi kwana uku tana jinyar rotsi. An yi mata sutura kafin azahar. A gari ana ta cewa mahaukaci ne ya kashe ta. Ni Yaji, tsohon soja, na ɗauki alƙalami don in gyara maganar. Hannun na mahaukaci ne, amma mai hankali ne ya aiko shi.

Inna, kin san yadda kika same ni. Na dawo daga yaƙin Turawa na ƙasar Bama da ƙafafuna biyu da hannuwana biyu, mutane suna cewa na yi sa'a. Abin da ke cikin kaina ba wanda ya gani. In mota ta yi ƙara, sai in faɗa rami in toshe kunne. A can na koyi shan wiwi, a nan kuma na sami mai sayar mini, wato Bubayaro mai rumfa a bayan tashar mota, wanda ke dama burkutu da zaƙami. Cikin shekara biyu matata ta koma gidansu, dangi suka gaji, na koma kwana a rumfunan kasuwa, ni da karnuka. Ran nan kika zo wucewa da ƙwaryar kununki, kika tsaya a kaina kika ce, "Soja, tashi mu je gida, ƙafar nan taka ta fara wari." Na zage ki. Kika ce, "To, ka ƙarasa zagin a hanya."

Na bi ki, har yau ban san dalili ba. Kika sa aka yi mini aski, kika kai ni ɗakin magani aka wanke gyambon. Sai jikina ya shiga neman abin da ya saba. Na yi rawar ɗari cikin tsananin bazara, na yi amai, na fasa miki randa biyu. Maƙwabta suka kawo turu da mari suka ce a sa ni. Kika tsaya a ƙofar zaure kika ce ƙanenki a turu ya mutu, ƙafarsa ta ruɓe yana kiran sunanki, kuma kin yi alkawari ba za a sake ɗaure ɗan Adam a gabanki ba. Kika shimfiɗa tabarma kusa da ni kina sussukar gero kina ba ni labarin garinku, kina ɗura mini kunun tsamiya da rubutun malam, har guguwar ta wuce. Da na fara tsayawa da ƙafata kika miƙo mini rama kika ce in tuƙa igiya, don hannun da ba ya aiki shi ke komawa rumfa.

Ba ni kaɗai ba ne. Mu bakwai ne muka fita daga gidanki da hankalinmu. Ba na manta Hadijatu, wadda ke yawo a kasuwar shanu rungume da dutse tana cewa ɗanta ne. Kowa ƙoƙarin ƙwace dutsen yake yi. Ke kuwa zani kika ba ta kika ce ta goya shi da kyau kada rana ta dake shi. Wata biyar tana goyo a tsakar gidanki. Wata rana da safe ita da kanta ta sauke shi a gindin bango, ta zauna ta yi kuka har ta gaji, sannan ta gaya miki sunan jaririn da ta binne a Gadaka. Yau tana ɗakin mijinta.

Duk wanda kika tsamo, Bubayaro ya rasa mai shiga rumfarsa. Kin je kin same shi a gaban jama'a kin roƙe shi ya ji tsoron Allah. Ya yi dariya ya ce, "Tsohuwa, kina shigar mini gona."

Abatcha ne na ƙarshe da kika ɗauko, ɗan dako ne da zaƙami ya juya wa kai. Ya yi wata huɗu a wurinki, ya fara salla, bana har ya ɗauki azumi. Ranar Asabar kika aike shi kasuwa sayen tsamiya. 'Yan dako sun ga Bubayaro ya riƙe hannunsa ya ja shi cikin rumfa, da rana tsaka, a watan azumi. Da la'asar ya shigo gida idanunsa jajur, kina tsugune kina tankaɗe. Ya ɗauki taɓarya ya sauke miki a ka. Ina gona, Inna. Wannan ita ce maganar da ke cina: ranar da kika bukace ni, ina can ina huɗar gyaɗa.

Da abin ya sake shi, na je na same shi a inda aka tsare shi. Yana kuka ya gaya mini abin da aka zuba masa a kunne tare da abin da aka ɗura masa. Bubayaro ya ce da shi, "Mayya ce, ita ta kama kurwarka. In ba ka riga ta ba, ba za ka ga Salla ba." An kai maganar gaban alƙali, aka ce zancen wanda ba shi cikin hankalinsa ba ya zama shaida, 'yan dakon kuma hannu suka gani an riƙe, ba su ji abin da aka faɗa ba. Abatcha na can da mari a ƙafa. Bubayaro kuwa ya sa farar riga ya zo zaman makokinki, ya ɗaga hannu ya shafa fatiha tare da mu.

Ba zan ɓoye miki ba. Ran nan na ciro wuƙar da na dawo da ita daga Bama, na wasa ta, na kai har bakin tasha. Abin da ya mayar da ni gida maganarki ce ta ranar Litinin, lokacin da kika farfaɗo kika kama rigata kika ce, "Yaji, kada a daki Abatcha. Kai kuma kada ka mayar mini da aikina banza." Na ji, na mayar da wuƙa kube. Amma ba ki ce in yafe ba, kuma ban yafe ba.

Ga abin da muka shirya, mu bakwai. Kullum ɗayanmu zai shimfiɗa buzu a ƙofar rumfar nan tun daga hantsi. Duk wanda ya zo shiga za mu kira shi da sunansa da na ubansa, mu gaya masa wanda aka kashe da yadda aka kashe ta. Wanda ya fito yana tangaɗi mu ɗauke shi mu kai Dogo Nini, don 'yarki Fanne ta ce ƙofar gidan ba za ta rufu ba. Za mu zauna har gizo-gizo ya yi saƙa a tukwanensa, har ya rasa mai amsa masa sallama a garin nan. Jiya muka fara. Mutum huɗu sun juya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Fanne, da yayanki Malam Saleh, da mutanen Dogo Nini, da duk wanda ke kwance a rumfar kasuwa bai san ya yi rashi ba. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya jiƙanki, Inna Aisa, Ya yalwata kabarinki, Ya karɓi shahadarki, Ya suturta ki kamar yadda kika suturta tsiraicinmu. Allah Ya ba Abatcha lafiya, Ya yafe masa abin da bai sani ba.

Shi kuwa Bubayaro, Allah Ya isa. Ba na roƙa masa hauka, domin mahaukaci an ɗauke masa alƙalami, ni kuwa so nake a rubuta masa komai. Allah Ya bar shi da hankalinsa cif, har ranar da za a tsayar da shi a gabanki. Amin.