Dutsen da Ya Koma Kore

Shekarar da mahaifina ya sauke farali, abu ɗaya ya sayo wa kansa: zoben azurfa mai ɗan dutse a ka, shuɗi garau kamar sama bayan ɗaukewar ruwa. Mai kantin a Madina ya ce masa sunan dutsen fairuz. Bai tambayi ma'anarsa ba, bai kuma sake cire zoben ba. Da shi yake dashen albasa a fadamarmu ta Wurno, da shi yake ban ruwa idan an sako ruwa daga madatsar Goronyo.

Ni ne na bi diddigin kalmar. Lokacin ina koyarwa a Sakkwato, ban daɗe da gama jami'a ba, kuma ina ganin duk abin da na san asalinsa na gama da shi. Na gano cewa Larabawa sun aro ta ne daga Farisawa, ma'anarta kuwa nasara. Turawa suka laƙaba wa dutsen sunan Turkawa, domin ta hannun fatakensu ya isa gare su, har sunan ya zama na launin kansa, launin nan da ke tsakanin shuɗi da kore wanda mu ba mu da kalma guda dominsa.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Wata Juma'a da na zo gida na tarar da ita tana tankaɗe. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Kai wanga, ka duba hannun Alhaji kuwa?"

"Mi yas samu hannun nai, Inna?"

"Dutcen ga ya sake. Da shuɗi na, yanzu ya koma awa gansakuka. Mutanen da sun ce in dutce ya yi haka, a duba mai shi."

Na yi dariya. Na bayyana mata cewa dutse ne mai shan maiƙo, zufa da sabulu da man shafawa ke sauya shi, ko a yatsan ɗan dambe yake haka zai yi.

"To, malamin makaranta," ta ce, "kai ka sani." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Duk da haka na bi mahaifina fadama na tambayi lafiyarsa. Yana zaune a kan kunya cikin babbar rigarsa. "Uwarka ta aiko ka ko? Bari a cire albasa, sannan ka kai ni wurin likitocinka su yi ta latsa ni awa tumatur a kasuwa." Muka yi dariya tare, na koma Sakkwato hankalina kwance.

Ba a gama ɗura albasar a buhuna ba ya faɗi. Likitan da ya duba shi ya ce ciwon ya daɗe yana cin sa, ya tambaye ni ina muke tun tuni. Bai kai wata ɗaya a asibiti ba Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar uku, Inna ta ajiye zoben a bakin tabarmar da nake zaune ta wuce. Da na juya shi sai na ga an naɗe bayansa da zaren ɗinki. Na ƙasa ya yi baƙi da daɗewa, na tsakiya ya fara dauɗa, na sama fari ne sabo. Yatsan yana ramewa, ita tana ƙara zare don kada zoben ya suɓuce.

Ashe ba dutse take karantawa ba. Matar da kunya ta hana ta kiran sunana ba za ta iya duban idona ta ce jikin mijinta yana ƙarewa ba. Ta nemi abin da za ta jingina maganar a kansa, ni kuwa na tsaya gyara mata ilimin duwatsu.

Yau shekaruna hamsin. Bayanin da na yi mata har yanzu daidai ne, na sake dubawa ba sau ɗaya ba. Zoben yana cikin aljihun teburina. Ba ya shiga yatsana saboda zaren, kuma ban iya warware shi ba.